Jawabi A Kan Salga Da Amoniya, Domin Tunawa Da Duba-Garin En'en Zazzau

 

Al'ada ce in an taru domin tunawa da ma'aikatan En'e a fara da ma'aji da magatakarda, a bi da malaman haraji da malaman gona da 'yan doka. Duba-gari ba safai a kan kai gare shi ba, balle mutanen da ke ƙarƙashinsa, waɗanda aikinsu ba ya farawa sai gari ya yi barci. Yau kuwa maganarsu za a yi, kuma maganarsu ba ta yiwuwa sai an ambaci salga da bawali da najasa. Saboda haka a gafarta. Abin da ba a faɗa a majalisa don kunya, shi ya kan komo gaban alƙali da sunan ƙara, ko ya tafi asibiti da sunan cuta.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya cikin shekarar 1911, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. A wajen wannan lokaci aka yanka filin Sabon Gari kusa da tasha, domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashe. An yanka shi layi layi, gida na jingine da gida, kuma kowane gida cike da 'yan haya. A cikin birni tun dā can salga a ke haƙawa a kusurwar gida, rami mai zurfi da ƙaramin baki da murfi. In ta cika a toshe ta da ƙasa, a haƙa wata, domin akwai fili. A Sabon Gari da bariki da gidajen ma'aikatan jirgi kuwa, tsarin bokiti Turawa suka kawo. A kan ajiye bokiti ƙarƙashin mazauni, da wata 'yar ƙofa ta bayan gini. Da dare masu kwasa su bi ta lungu, su jawo shi, su ɗora a kai, a kai bayan gari a zuba cikin dogayen ramuka a rufe da ƙasa. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ta ba hukuma ikon shiga gida ta duba, kuma daga 1932 aka riƙa horar da duba-gari a Makarantar Tsabta ta Kano.

Duk wanda ya yi wayo a zamanin En'e ya san yadda unguwa ta kan ruɗe in aka hango duba-gari da kakinsa. Ya leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya leƙa makwarara, sa'an nan ya nufi bayan gida. In ya tarad da salga ba murfi, ko bokiti ya tumbatsa, sai sammaci, sai tara a gaban alƙali. Mutane sun ji tsoronsa fiye da yadda suka so shi, amma ba ƙaramin rai ya tsare ba. Sai dai kayan aikinsa ido ne da hanci. A wurinsa, da wurin kowa a wancan zamani, wari shi ne alamar cuta, kuma wurin da ba ya wari ya tsira. Don haka aka himmantu ga kashe wari: a zuba toka, a zuba Izal, wasu ma su zuba kananzir ko baƙin mai.

To, a cikin warin salga akwai iri biyu. Akwai ɗoyin ruɓa, akwai kuma wani mai kaifi wanda ya kan soki hanci ya sa ido hawaye, irin wanda a kan ji a kangon da mutane suka mai da wurin fitsari, ko a turken dabbobi da safe. Wannan na biyu iska ce da masana ke kira amoniya. Abin mamaki, bincike ya nuna wannan iskar da aka yi shekaru ana kora tana cikin abubuwa mafiya ƙarfi wajen kashe cutar da ke cikin najasa.

Ga yadda abin ya ke. A cikin bawalin ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna yuriya, kuma shi ne dai farin takin zamani da a ke sayarwa cikin buhu a kasuwar Sabon Gari, wanda kashi 46 cikin ɗari nasa abincin ganye ne da a ke kira naitirojin. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ya fara haɗa shi da hannu a 1828. Bawali sa'ad da ya fito ba shi da wannan kaifin wari. Amma ƙwayoyin halitta da ke cikin najasa da ƙasa suna da wani abu mai farfasa yuriya, kuma da zarar sun gamu da ita sai ta juye ta zama amoniya. Sa'an nan ruwan ya ɗauki ɗabi'a irin ta ruwan toka ko kanwa. Masana suna da ma'auni na wannan, daga 0 zuwa 14: ruwa mai kyau yana kan 7, tsami yana ƙasa, toka da kanwa suna sama. Bawalin da ya kwana biyu ya kan hau wajen 9.

Wannan lamba ta 9 ita ce mabuɗin al'amarin, domin amoniya tana da fuska biyu a cikin ruwa. In ma'auni yana wajen 7, kusan dukanta tana ɗaure, ba ta cutar da kome, abincin shuka ce kawai. In ya haura 9 kaɗan, wajen rabinta ta kan saku. Sakakkiyar ita ce mai aikin. Tana ratsa fatar ƙwayar cuta kamar yadda hayaƙi ke ratsa zana, ta shiga ciki ta ɓata tsarinta har ta mutu. Haka ta ke yi wa ƙwayoyin taifot da atuni da amai da gudawa. Har ƙwan macijin ciki, wanda ya fi kowane taurin kai, ba ya tsira daga gare ta. Macijiyar ciki guda tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a yini, ƙwan kuwa yana da ɓawo mai kauri, yana iya yin shekaru a cikin ƙasa yana jiran yaro mai wasa da turɓaya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawa ba su taɓa shi. Shi ya sa masu bincike suka ɗauke shi ma'auni: in ya mutu, ana kyautata zaton saura sun riga shi.

A jami'ar aikin gona ta ƙasar Suwidin, a birnin Uppsala, Annika Nordin da Björn Vinnerås da abokiyar aikinsu sun gwada wannan, suka bayyana sakamako a 2009. Sun gauraya najasa da yuriya kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta, suka rufe, suka ajiye a zafi dabam dabam. A zafin digiri 34, cikin kamar kwana goma ƙwayayen sun mutu sai abin da ba a rasa ba. A digiri 24 sai da aka yi wajen wata guda, kuma da gauraye mai ƙarfi. A digiri 14 da abin da ya yi ƙasa, watanni suka shuɗe aikin bai kammala ba. Mutanen Suwidin sun gano magani ne da ƙasarsu mai sanyi ba ta cika jin daɗinsa ba. Zariya kuwa, a watan Maris da Afrilu, zafin rana ya kan kai abin da su sai da na'ura su ke samu.

A nan ne mai gaggawa zai yi kuskure. Zai ce, ashe abin da sauƙi, sai a sayo mudu biyu na yuriya a juye cikin salga. Wannan asarar kuɗi ce. Amoniya iska ce, kuma iska ba ta zama inda ƙofa ke buɗe. Salgar da a ke amfani da ita kullum bakinta a buɗe ya ke sau da yawa a yini, ana ƙara mata sabuwar najasa da ruwan tsarki, har da ruwan wanka a wasu gidaje, sai maganin ya tsinke. Farin takin kuma a sama zai tsaya, ba zai gauraya da na ƙasa ba. Salga mai bututun iska, wadda Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar da yanzu a ke kira Zimbabuwe cikin shekarun 1970, ta yi kyau ƙwarai wajen rage ƙuda da wari, amma aikin bututunta ke nan, fid da iska, har da amoniyar. Mafi muni, ramin da ba a gina cikinsa ba yana tsiyaya, abin da aka zuba ya bi ƙasa, da damina ya iske rijiya. Ƙa'idar da a ke bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin salga da rijiya. Duk wanda ya san gidajen haya na Sabon Gari, ko na ƙauyen Samaru inda ɗalibai suka cika, ya san gidaje da yawa tsawonsu duka bai kai haka ba.

Watau amoniya ba ta aiki sai an tsare ta kamar fursuna, a wuri mai zafi, har wa'adinta ya cika. Wurin tsarewar kuwa ba salga mai aiki ba ce. Ko dai ganga ce mai murfi da ke toshewa sosai, wadda za a zuba abin da aka kwaso a ciki, ko kuwa salga mai ɗaki biyu ginanne da siminti, in ɗaya ya cika a zuba masa yuriya a motsa, a liƙe bakinsa, a koma ɗayan.

An gwada hanyar ganga a birnin Blantyre na ƙasar Malawi a 2014, da najasar da aka kwaso daga salgogin mutane. Da yuriya kashi 2 da rabi cikin ɗari, ƙwayoyin cutar hanji da a ke aunawa sun faɗi ƙasa da haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin 'yan kwanaki. Wannan hukunci ne a kan ƙananan ƙwayoyi, ƙwan macijin ciki yana bukatar ƙarin haƙuri. Lissafin ba shi da wuya ga wanda ya taɓa riƙe littafin haraji. Gangar lita 200 in ta cika tana ɗauke da nauyin kilo 200 ko kusa da haka. Kashi 2 cikin ɗari nasa kilo 4 ke nan. Buhu guda mai kilo 50 zai ishi ganga goma sha biyu har da saura. Kuma takin bai salwanta ba, yana nan cikin gangar, daga bisani gona zai tafi kamar yadda dā ma can zai tafi.

Wani Baturen Suwidin mai zanen gine-gine, Anders Wilhelmson, ya ɗauki wannan dabara ya ƙunsa cikin leda. Ya kira ta Peepoo: jaka ce mai ruɓewa a ƙasa, da 'yar yuriya giram biyar ko shida a gindinta, mutum ya biya bukata ya ɗaure baki, cikin kamar mako huɗu ta zama taki. An fara sayar da ita a unguwar Kibera ta birnin Nairobi a 2010. Ga mutanen da ke tsarki da ruwa ba ta dace sosai ba, sai ko a sansanin gudun hijira ko lokacin ambaliya.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne abin da aka yi a ƙasar Hausa ta Nijar. A Agye, cikin jihar Maraɗi, a 2008 da 2009, an koya wa ɗaruruwan gidaje su tara bawali dabam cikin jarka, su rufe, su ajiye, sa'an nan su kai gona. A nan ba a sayen yuriya, bawalin da kansa ke haifar da amoniyar da za ta tsabtace shi. Mutanen wurin suka raɗa masa suna takin ruwa, domin a iya ambatonsa a gaban surukai. Daga baya matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya suka gwada shi a gonakin hatsi daga 2014 zuwa 2016, da sunan Oga, aka sami ƙarin amfani wajen kashi 30 cikin ɗari. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ta ce bawalin da aka tara daga gidaje da yawa a ajiye shi rufe wata shida a zafin digiri 20 kafin a sa wa kowace irin shuka, kuma a bar wata guda tsakanin zubawa da girbi. Mafi yawan naitirojin da jikin mutum ke fitarwa ta bawali ya ke fita, mafi yawan cuta kuwa ta ɗaya hanyar. Raba su tun daga mazauni rabin aikin ne.

Yanzu sai a komo Samaru. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, zamanin Sarki Dallatu, kuma ita ce ta zama cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello sa'ad da aka buɗe jami'ar a 1962. A 1950 aka soma wani dogon gwaji a filayenta, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara bayan shekara, kuma ya nuna cewa ƙasar wannan yanki tana gajiya ta yi tsami in an dogara ga takin buhu kaɗai, tana kuwa riƙe ƙarfinta in an haɗa mata da takin gargajiya. Manoman Kano sun san haka tun kafin a rubuta, shi ya sa jakuna ke fita daga birni da mangalar taki da rani. To, ga Samaru ta yi shekara ɗari tana neman abin da za a ciyad da ƙasa, ga Sabon Gari ta yi fiye da haka tana neman inda za ta kai abin da ya fi ƙarfinta. 'Yar tafiya ce tsakaninsu a kan hanyar Funtuwa, yau ma ƙaramar hukuma ɗaya ke riƙe da su. Malamin gona da duba-gari sun karɓi albashi daga baitulmali ɗaya, amma ba a taɓa zaunar da su a tabarma ɗaya ba.

Ba kuwa don babu bukata ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya naɗe tabarmar En'e, bokiti ya tafi, salga da masai mai ruwa suka maye gurbinsa. Amma rami yana cika, kuma inda babu filin haƙa sabo dole a kwashe. Masu kwasa suna nan har yau, da shebur da bokiti, sau da yawa ba takalmi ba safar hannu, kuma abin da suka kwaso ɗanye ya kan ƙare a kwata ko fili ko gona. Ruwan kwata kuwa rafin Kubanni ya ke nufa, inda masu lambu ke ban ruwa da rani, latas da kabeji da karas su komo kasuwa. Cutar amai da gudawa ta shigo Nijeriya a wajen ƙarshen 1970, ba ta kuma fita ba. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000, galibi a Arewa. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta sa 2025 wa'adin daina ba-haya a fili. Jihar Jigawa ta cika nata a 2022, amma ga ƙasa baki ɗaya shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. Ko da an kai ma, gina salga farkon magana ne, domin ranar cikarta tana tafe.

Akwai kashedi da ya wajaba a yi, don kada a ji rabin magana a jawo makoki. Amoniya mai yawa guba ce ga mutum kamar yadda ta ke ga ƙwayar cuta. Ba a buɗe ganga a cikin ɗaki, ba a sunkuya a kanta, kuma a buɗe a hankali domin iska ta kan taru ta tunkuɗo murfi. Kada ko kusa a haɗa ta da ruwan bilic irin su Hypo da Jik. Haɗuwarsu tana fid da wata iska mai ƙona huhu, kuma wannan ya shafi har mai wanke masai da ya zuba bilic a kan tsohon fitsari ya rufe ƙofa. Kada mutum ya sauka cikin rami mai zurfi shi kaɗai, ko an zuba magani ko ba a zuba ba. Toka kaɗan tana taimako, domin tana ɗaga ma'aunin nan. Amma farar ƙasa irin ta fenti in ta yi yawa, tana hana yuriya juyewa tun farko, don haka ba a haɗa su gaba ɗaya. Najasar da aka riga aka zuba wa kananzir ko baƙin mai kuwa ba ta gona ba ce.

Saura magana ɗaya wadda ba ta likita ba ce. Mai ilmi zai tambaya, shin abin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ya fita daga hukuncin najasa? Tsabtar likita dabam, tsarkin shari'a dabam. Addini ya riga ya hana biyan bukata a hanya da inuwa da mashaya, kuma malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe suna tattauna hukuncin sa irin wannan taki a gona da hukuncin sayar da shi. Wannan fage nasu ne, su ya kamata a kai wa tambaya kafin a kai wa manomi ganga. Ma'aikacin da ya tsallake su zai tarad da gangunansa a jere babu mai taɓawa.

Abin da ke hannun hukuma a Sabon Gari da Samaru ba ya bukatar injin waje. Fili ne killatacce a bayan gari inda rana ke bugawa, da gangunan roba baƙaƙe masu murfin murɗawa, domin yuriya da amoniya suna cin ƙarfe, da ma'auni, da takalman roba da safar hannu ga masu kwasa, da malami guda mai littafi wanda zai rubuta ranar rufe kowace ganga a jikinta da cikin littafin. Wadda aka rufe da bazara, wata guda zuwa biyu ya ishe ta in an auna yuriyar daidai an motsa sosai. Wadda aka rufe da hunturu, sa'ad da sanyin dare a Samaru ke sauka wajen digiri 14, a bar ta har zafin Maris ya bi ta kanta. Kafin a saki gangar farko, a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji na jami'a a duba ƙwan macijin ciki da madubin likita, kuma a fara da gonar dawa da masara da auduga, a turbuɗe shi cikin ƙasa kafin shuka, ban da lambun ganyen da a ke ci ɗanye.